Katako, Kwalta da Mai Gadi: Waiwaye a Kan Fim Ɗin Paranoid Park

A watan Mayun 1966, alƙalan bikin baje kolin finafinai na garin Cannes da ke ƙasar Faransa suka ba wani ɗan fim daga Amurka babbar kyautar gajerun finafinai. Sunansa Skaterdater, wanda ya shirya shi kuwa wani saurayi ne mai suna Noel Black. Fim ɗin bai kai minti 20 ba, kuma daga farkonsa har ƙarshensa ba wanda ya buɗe baki ya yi zance. Yara maza ne kawai suna zamiya a kan katako mai tayoyi a unguwannin Kalifoniya, har ɗaya daga cikinsu ya yi karo da wata yarinya mai keke, hankalinsa ya koma kanta, abokansa suka ji haushi. Shekara 41 bayan wannan, wato a 2007, wani fim na yara masu irin wannan wasa ya sake zuwa Cannes, aka ba shi kyauta ta musamman ta cikar bikin karo na 60. Shi ne Paranoid Park na Gus Van Sant. A fim na farko abin da ya raba yaro da abokansa yarinya ce. A na biyu kuwa gawa ce.

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bi sawun abin da ya faru tsakanin waɗannan shekaru biyu, sa'annan mu ɗora fim na biyun a kan sikeli. Sai dai kafin nan, ya kamata mu bayyana wa mai karatu abin da muke nufi da katakon zamiya. Wani ɗan falle ne na katako, tsawonsa bai kai mita guda ba, an ɗaura masa ƙananan tayoyi huɗu a ƙasa. Mai wasa ya ɗora ƙafa ɗaya a kai, ya riƙa tura ƙasa da ɗayar har ya sami gudu, sa'annan ya hau gaba ɗaya. Babu birki, babu abin riƙewa. Wanda ya faɗi, siminti ne zai tarbe shi.

Asalin Katako

Wasan ya samo asali ne a gaɓar tekun Kalifoniya cikin shekarun 1950, wajen samarin da ke hawa igiyar ruwa a kan katako. Ranar da teku ta kwanta ba abin hawa, sai su ɓalle tayoyin ƙarfe daga takalman zamiya su buga su a jikin falle, su hau kwalta. Daga baya aka koma tayoyin yumɓu, waɗanda tsakuwa guda kan tsayar da su cak ta wurgar da mai su. Saboda yawan karaya da fashewar kai, garuruwa da dama suka hana wasan a kan tituna, har kasuwarsa ta faɗi tun kafin shekarun 1960 su ƙare. Skaterdater ke nan ya kama wasan yana tsakiyar tashensa na farko, lokacin da ake ɗaukarsa wasan yara kamar langa ko ɓoyo.

Abin da ya farfaɗo da shi taya ce. A farkon shekarun 1970 wani saurayi, Frank Nasworthy, ya fara sayar da tayoyi na wata irin roba da ake kira yuretan, masu kama ƙasa ba santsi. Sai kuma ga farin 1976 da 1977 a Kalifoniya, aka matsa wa jama'a su yi tattalin ruwa, masu hali da yawa suka bar tafkunan wankan gidajensu a bushe. Samarin wata unguwa ta marasa galihu da ake yi wa laƙabi da Dogtown, tsakanin Santa Monica da Venice, irin su Tony Alva da Jay Adams da Stacy Peralta, suka riƙa haura katangar mutane suna shiga waɗannan ramuka na siminti, suna hawa bangonsu kamar yadda suke hawa igiyar ruwa. In mai gida ya dawo ko 'yan sanda suka iso, sai kowa ya ɗauki katakonsa ya ranta a na kare. Muna roƙon mai karatu ya riƙe wannan hoto, domin za mu dawo gare shi. Tun daga nan wasan ya ƙulla zumunta da shiga gonar wani, ya kuma ƙulla gaba da duk wanda aka ba amanar tsaron wuri.

'Yan kasuwa sun gina filayen wasa masu yawa a ƙarshen shekarun 1970, amma kuɗin inshora ya fi ƙarfinsu, kafin a yi nisa cikin shekarun 1980 an rufe mafi yawansu, an rushe wasu. Yaran suka koma titi. A daidai wannan lokaci ne dabarar tsalle da katako ba tare da sa hannu ba, wadda Alan Gelfand ya fara a Florida, Rodney Mullen kuma ya sauko da ita kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ta mayar da kowane matakalar banki da bencin lambu da ƙarfen dafawa abin hawa. A 1981 aka fara buga mujallar Thrasher a San Francisco. A 1984 Peralta ya fitar da kaset ɗin bidiyo na 'yan wasan kamfaninsa, daga nan kaset ya zama littafin karatun 'yan zamiya: yaro ya saya ko ya ara, ya yi ta mayar da shi baya har ya haddace motsin ƙafa. A cikin irin waɗannan kasakasai akwai wani mutum da ba ya rasa fitowa, ko da yake ba a taɓa rubuta sunansa ba. Shi ne mai gadi, da kakinsa da tocilarsa, ya fito yana kora, yara suna yi masa dariya.

Su ma kamfanonin Hollywood sun gwada sa'arsu da finafinai irin su Thrashin' na 1986 da Gleaming the Cube na 1989, amma labaransu na soyayya da ramuwar gayya ne da aka saba, an dai ɗora su a kan taya. Ba za mu ɓata lokaci a kansu ba.

Wanda ya girgiza jama'a shi ne Kids na 1995. Larry Clark, mai ɗaukar hoto ne da ya haura shekara 50, ya yi ta zama da 'yan zamiya a dandalin Washington Square na birnin Niyok, ya sa wani yaro daga cikin masu zuwa wurin, Harmony Korine, ya rubuta masa labari. Labarin yini guda ne, cike da shaye-shaye da lalata da cutar ƙanjamau, kuma a tsakiyarsa akwai wurin da yaran suka taru a kan wani mutum suka yi masa lilis, har da buga masa katako. Fim ɗin ya jawo kuɗi ninkin-ba-ninkin abin da aka kashe masa, amma yaran titin da suka ba shi fuskokinsu ba su ga wani abin kirki ba. Biyu daga cikin fitattunsu, Justin Pierce da Harold Hunter, sun mutu da ƙuruciyarsu, na farko a 2000, na biyu a 2006. Daga cikin sunayen manyan da suka tsaya wa fim ɗin har ya fito akwai na Gus Van Sant.

Ƙarƙashin Gada

Van Sant mutumin Portland ne ta jihar Oregon, a can ya shirya finafinansa na farko. Ya ɗanɗani kasuwa da Good Will Hunting a 1997, sa'annan ya juya mata baya ya koma yin finafinai masu ƙarancin magana da jan lokaci, irin waɗanda ba a yi su don cika gidan sinima ba. Cikinsu akwai Elephant na 2003, wanda ya ɗauko daga kisan da wasu ɗalibai biyu suka yi a makarantar Columbine a 1999, ya kuma ci babbar kyautar Cannes.

A garin nasa akwai wata gada mai suna Burnside a kan kogin Willamette. Ƙarƙashinta, ta gefen gabas, wuri ne da aka yi watsi da shi, matattarar mashaya da marasa wurin kwana. A 1990 wasu 'yan zamiya suka fara kwaɓa siminti a wurin ba da izinin kowa ba, don gadar tana kare su daga ruwan saman da ba ya ɗaukewa a wannan gari. Yau buhu ɗaya, gobe biyu, har wuri ya zama fili sosai, hukumar gari ta ga ba yadda za ta yi, ta bar musu. A wannan fili aka ɗauki Paranoid Park, sai dai an sauya masa suna a cikin labarin.

Labarin daga littafin Blake Nelson ne mai wannan suna, wanda aka buga a 2006. Alex ɗan sakandare ne mai shekara 16, iyayensa suna kan rabuwa. Abokinsa Jared ya kai shi filin sau ɗaya, wurin ya ba shi tsoro ya kuma burge shi. Wani dare ya koma shi kaɗai, ya zauna a gefe yana kallo, sai wani ɗan gari da ya girme shi ya ja shi su ɗare jirgin ƙasa na kaya. Mai gadin layin dogo ya hango su, ya biyo su yana dukansu da tocila. Alex ya kai masa bugu da katako don ya kuɓuta, mutumin ya yi baya ya faɗa kan ɗaya layin, wani jirgin ya bi ta kansa ya raba shi biyu. Yaron ya gudu, ya jefa katakon cikin kogi, ya yi wanka, ya zubar da tufafinsa. Bayan kwanaki wani ɗan sandan ciki ya zo makaranta ya tara 'yan zamiya yana yi musu tambayoyi. Iyakar labarin ke nan, kuma fim ɗin duka bai kai awa ɗaya da rabi ba.

Ƙarfinsa na farko, a ganinmu, yana cikin yadda aka wargaza jerin labarin. Ba a ba mu shi daga Alif zuwa Ya ba. Alex ne ke rubuta abin da ya faru a cikin littafin rubutu da fensir, yana karanta mana da murya mai sarƙewa, irin ta ɗalibin da aka tsayar gaban aji. Tun da wuri ya ba mu haƙuri cewa abin ba a jere yake ba, wai bai taɓa yin abin kirki a darasin insha'i ba. Mu da muka share shekaru muna gyaran insha'in ɗalibai da jan biro, wannan wuri ya taɓa mu. Mun san irin rubutun nan: yaro ya fara, ya kewaye, ya ba ka labarin safiya da na la'asar, ya tsallake azahar, kai kuma ka rubuta masa a gefe cewa ba tsari. Alhali azahar ɗin ita ce labarin, tsoronta yake ji. Haka Van Sant ya yi. Muna ganin Alex yana tuƙa motar mahaifiyarsa, muna ganinsa yana sauya tufafi a gidan aboki, sau biyu ana nuna mana wasu wuraren, amma abin da ya faru a layin dogo ba a nuna shi sai fim ya yi nisa. Lokacin da aka nuna shi kuwa, sai duk abin da muka gani a baya ya sake ma'ana.

Na biyu shi ne hoto. Christopher Doyle, mutumin Ostareliya da ya yi suna a Hong Kong wajen aiki da Wong Kar-wai, shi da Rain Kathy Li suka riƙe kyamara. Rayuwar gida da makaranta an ɗauke ta a kan fim mai faɗin milimita 35, tsaf-tsaf, wasan zamiya kuwa an ɗauki yawancinsa da ƙaramar kyamarar Super 8 mai hoto dishi-dishi, kamar tunanin wanda ke tsakanin barci da farke. Akwai inda aka rage gudun hoto, yara suna tashi sama ɗaya bayan ɗaya, kowa da irin tashinsa, kowa da irin saukarsa. A nan Van Sant ya karɓi gadon kaset ɗin bidiyo ya juya shi. Kaset yana nuna gwaninta ne, wa ya iya, wa ya fi. Shi kuwa ya nuna mana wasan ta idon yaron da bai ƙware ba, wanda ke zaune a kan katakonsa a bakin rami yana sha'awar waɗanda suka fi shi. Sai kuma wurin wankan nan bayan kisan, inda kyamara ta tsaya a kan Alex ya sunkuyar da kai, ruwa na bin gashinsa, haske na dusashewa, ƙarar ruwa tana haɗuwa da kukan tsuntsaye har ta cika kunne. Ba kalma ko ɗaya. Ba mu san wani shafi na rubutu da zai iya isar da wannan ba, kuma muna faɗin haka ne a mujallar marubuta.

Yawancin yaran ba 'yan wasan kwaikwayo ba ne. An yi cigiyarsu ne ta shafin MySpace da wasu hanyoyi a cikin Portland, kuma Gabe Nevins da ya fito a matsayin Alex bai taɓa yin fim ba kafin nan. Masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Fuskar Nevins ba ta ba da labarin komai, kuma a kan wannan ne masu sharhi suka rabu. Mu dai muna tare da masu cewa daidai ne. Duk malamin da ya taɓa tsare ɗan shekara 16 a ofis yana tambayarsa wa ya fasa taga, ya san wannan fuska. Wurin da ɗan sandan ke yi masa tambayoyi, kyamara tana matsowa kansa sannu a hankali, yana amsawa tiryan-tiryan, har da abin da ya saya ya ci a daren, ya fi mana duk wani kuka da kururuwa da ƙwararre zai yi.

Inda Gizo Ke Saƙa

To, amma mu koma ga mai gadi. Mun ce a tarihin wannan wasa shi mutum ne marar suna, abin tuntuɓe a kan hanya. Abin da ya ba mu takaici shi ne fim ɗin, duk da zurfinsa, ya gaji wannan kallo bai gyara shi ba. An nuna mana mutumin na 'yan daƙiƙoƙi: yana gudu, yana duka, sai ga rabin jikinsa yana jan ciki a kan tsakuwa yana kallon yaron. Hoto ne mai tayar da tsigar jiki, har muna ganin ya wuce gona da iri, kamar an yanko shi daga fim ɗin ban tsoro an liƙa a cikin waƙa. Daga nan shi ke nan. Ba a kai mu gidansa ba, ba mu ga wanda ya jira shi da abinci a daren ba. Mutum ne da ya fito neman halaliyarsa, amma mutuwarsa ta zama wani abu da ya sami Alex, ba abin da ya sami shi mamacin ba. Kyakkyawan hoto da daddaɗan kiɗa, har da na Nino Rota da aka aro daga finafinan Fellini na Italiya, duk sun taru sun lulluɓe yaron, sai mai kallo ya wayi gari yana yi masa addu'ar kada a kama shi.

An sha kwatanta labarin da Crime and Punishment na Dostoevsky, wanda ya fito a 1866, kuma kamar tana nan: saurayi, kisa, mai bincike mai wayo, da yarinya mai ba da shawara. Sai dai a littafin Barashen, yarinyar ta tura mai laifin ya je ya faɗi gaskiya a gaban hukuma, ya kuma je. A nan kuwa Macy, ƙawar Alex, da ta lura wani abu na cinsa, shawarar da ta ba shi ita ce ya rubuta abin a wasiƙa, in ya so ya aika, in ya so ya ƙona. Ya rubuta, ya ƙona. Ba muna cewa dole kowane labari ya ƙare da ɗauri ba ne, ko marubuci ya zama alƙali. Mun san rana dubu ta ɓarawo ce, kuma ba kowane mai kaya ne ke ganin tasa ranar ba. Damuwarmu ita ce fim ɗin ya ɗauki rubutu a matsayin wanka, a zuba a takarda a huta. Rubutun da ba wanda ya karanta yana iya sauƙaƙa wa mai shi, amma bai mayar wa kowa da haƙƙinsa ba, kuma ba mu ga alamar fim ɗin ya damu da wannan bambanci ba. Wani abokin aikinmu da muka kalla tare ya yi mana musu, ya ce ai mu masu kallo mun karanta wasiƙar, mu ne shaidu, nauyin ya dawo wuyanmu. Magana ce mai ma'ana, ba mu dai gamsu ba.

Akwai ƙananan raunuka da za mu ambata a gurguje. Jennifer, budurwar Alex, wadda Taylor Momsen ta fito a matsayinta, an zana ta a matsayin marar tunani don kawai a nuna zurfin yaron. Ranar da ya rabu da ita ma an danne muryarta da kiɗa, muna ganin bakinta na motsi ba mu jin me take faɗa. Dabara ce mai ban dariya, amma rashin adalci ce. Zancen yaƙin Iraƙi da aka sako a bakin Macy bai kama ƙasa ba. Rage gudun hoto kuma ya yi yawa, musamman a barandar makaranta, har abin da ya fara da ban sha'awa ya koma ɗabi'a.

Batun iyaye ne muka daɗe muna juyawa. Mahaifiyar Alex kusan kullum daga baya ko daga nesa ake nuna ta, mahaifinsa kuma yana cikin hazo, sai can kusa da ƙarshe fuskarsa ta fito sarai. Mun gane nufin: haka ɗan shekara 16 ke ganin manya. Amma da yake fim ɗin bai taɓa fita daga kan yaron ba, ba mu sami damar sanin ko manyan ne suka yi nisa, ko shi ne ya rufe ƙofa. Sai a 2018 wani ya buɗe wannan ƙofa. Bing Liu, wanda shi kansa ɗan zamiya ne daga garin Rockford na jihar Illinois, ya fitar da Minding the Gap, fim na gaskiya ba ƙage ba, inda ya bi abokansa biyu shekara da shekaru, ya kuma zaunar da mahaifiyarsa gaban kyamara ya tambaye ta dukan da mijinta ya riƙa yi masa yana yaro. A shekarar ce kuma Crystal Moselle ta fitar da Skate Kitchen a kan 'yan mata masu zamiya a Niyok, waɗanda finafinan baya suka ajiye a gefen fili suna kallo. Shekara uku bayan haka, a gasar Olamfik ta Tokiyo da aka yi a 2021, wasan da aka fara da haura katanga ya shiga jerin wasannin duniya, wata yarinya 'yar Jafan mai shekara 13, Momiji Nishiya, ta ci zinare.

Kusa da ƙarshen Paranoid Park, bayan takardun sun zama toka, an nuna Alex a cikin aji, ya kifa kai yana barci da rana tsaka. Mun sha tayar da irinsa ta hanyar buga dasta a kan tebur, 'yan aji su yi dariya, ya ɗago da jajayen idanu, mu ci gaba da rubutu a allo.